Inji Ɗaya, Batir Biyu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Bukar,

Gaisuwa mai yawa daga ni da ƙanwarka Falmata. Ina fatan mota ta sauke ka a Dogo lafiya, kai da kayan aikinka, babu abin da ya fashe ko ya ɓace. Allah ya tsare min kai daga sharrin hanya, da baƙon ruwa, da zamewar ƙafa a kan gini. Amin.

Bukar, tun ranar da ka shigo gidan nan ka ce an ba ka rufin ɗakunan ajiyar hatsi na ƙauyukan Dogo, na kasa zama wuri ɗaya. Guɗar da na rangaɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Na ce musu ba haihuwa ba ce, ɗan marigayi kafinta ne ya zama mai gidan kansa. Babu gidan da ban shiga da labarin ba a layinmu na Birni. Falmata ta ce na ishi mutane. To, su yi haƙuri. A shekarar da kowa ba shi da zance sai fari da tsadar tiyar hatsi, ni Allah ya ba ni zance mai daɗi, don me zan yi shiru?

Amma murna ba ta toshe min kunne ba, na ji duk abin da ka faɗa. Ka ce hatsin taimako yana hanya, kuma dole rufi ya hau kafin motoci su iso, kafin iskar farkon damina ta taso. Ka ce a kan ƙarfe za a ɗaura kwanon, ba a kan katako ba, saboda gara. Ke nan guduma ba ta da abin yi a wurin, kowace ƙusa sai inji ya huda ya murɗa ta. Ƙauyukan kuma babu wuta. Idan ka gama a kan lokaci, sunanka ya fita ke nan, aiki zai riƙa nemanka. Idan iska ta riske ka da rabin rufi, ba sai na faɗa maka ba.

Shi ya sa na tasa ka gaba har shago na ce sai injin huda mai tsadar nan za ka saya, da batir biyu. Na ga yadda ka ɓata rai. Har ka ce min, "Inna, kuɗin wannan ɗayan fa ya sayi masu araha uku, har a yi cefane." Ka sayi injin dai don kada in yi maka faɗa a gaban mutane, ka ce batir na biyu za ka koma ka ɗauka da yamma. Sai bayan motarku ta tashi mai amalanke ya yi sallama da buhun gero, wai saƙon Bukar ne. Ai na gane wayonka, kuɗin batir ɗin ne ka mai da gero. Ajiye wannan maganar tukuna, za mu dawo kanta. Fara sauraron yadda uwarka ta san inji, ita da ba ta taɓa huda ko ƙwarya da shi ba.

Injin farko da ya shigo gidan nan na babanku ne. A hannun wani da ya dawo daga aikin gini a Libiya ya saye shi. Nauyi gare shi kamar ƙaramar taɓarya, batirinsa a gindi kamar curin kanwa, amma kome ka ɗora shi a kai sai ya ratsa. Da Allah ya karɓi babanku a wancan farin, kana lakwal, makarantar boko, a lokacin, abin da ya bar mana ke nan sai guduma da zarto. Kafintoci suka fara zuwa aro, ni kuwa ina miƙawa don kunya. Aminin babanku Kyari ne ya tsaya a zaure wata rana ya ce, "Ya Fanna, aro ba ya cika tukunya. Ki ba da shi haya, duk wanda ya ɗauka da safe ya dawo da shi da yamma da abin miya." Haka aka yi. Ni ke cika batir, ni ke goge ƙura, ni ke ƙirga bakunan huda in sun dawo. Tuwon da kuka ci a shekarar nan, injin nan ne ya tuƙa shi.

Sai kwaɗayi ya shige ni. Kullum sai in ga kafinta biyu ko uku a ƙofa, inji kuwa ɗaya. Ran nan a kasuwa na ga wani ya baza injuna a kan tabarma, ja da rawaya, suna sheƙi, kowanne cikin akwatinsa na roba, kuɗinsu kamar kyauta. Na yi lissafina irin na mai tallan daddawa, na ce uku ai sun fi ɗaya kawo kuɗi. Na sayar da na babanku, na kwaso uku. Da ka ga tafiyata a hanyar gida, akwati a ka, akwati a kowane hannu, sai ka rantse matar wani babban attajiri ce.

Na farko, ranar da aka ɗora shi a kan ƙarfe ya yi hayaƙi ya yi shiru. Na biyu bakinsa ya saki, ya daina riƙe abin huda. Na uku ya ɗan yi kwana, sai batirinsa ya mutu. Na ce ba kome, ai ina da batiran waɗancan biyun. Ina! Kowanne da irin bakinsa, babu wanda ya shiga na wani. Don haushi na sa Kyari ya fasa min ɗaya in ga abin da ke ciki. Bukar, rabinsa yashi ne, an ɗura don ya yi nauyi a hannu. Mu da yashi ya ishe mu a Damagaram, ni ce na ba da kuɗi na sayi na wata ƙasa.

Kada ka ɗauka cewa nake duk abu mai araha banza ne. Mutumin da zai kafa labule ko ya gyara ƙyauren ɗakinsa sau ɗaya a shekara, ya sayi mai arahar, kuɗinsa ya huta. Kafintan da ke zaune a shago cikin gari kusa da wuta, ya sayi mai igiya, ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin kuɗi, babu ruwansa da batir. Amma wanda zai wuni a kan ƙarfe, a dajin da babu wuta, kuma da injin zai ci abinci, wannan araha ba ta yi masa ado. Sannan ka riƙe wannan: ranar da ka sayi inji, dangi ka shiga. In Allah ya buɗa maka ka tashi ƙara zarto ko abin yankan ƙarfe, ka sayi na gidan da batirinka ya fito, yadda ɗaya zai shiga ɗaya.

Na sha wuya kafin in miƙe. Da adashe na tara, na sayi wani mai kyau, irin sabon fitowa, mai batir maras nauyi da masu shago ke kira litiyom. Ranar da na kawo shi gida na yi ta juya shi a hannu ina mamaki, abu kamar ba kome a ciki amma ya fi na babanku juriya. A nan kuma na sake tafka wata.

Babanku ya koya min cewa batir sai an juye shi tas kafin a cika, in ba haka ba sai ya saba da rabin ciki. Gaskiya ya faɗa, amma a kan irin nasa, tsohon yayi mai nauyi. Ni kuwa na riƙe maganar miji kamar karatun allo. Duk kafintan da ya dawo da inji da sauran wuta a ciki, sai in ɗaure kunamarsa, wurin dannawar, da tsumma in tura shi ƙarƙashin gado, ya yi ta kuka har ya mutu. Kajina sun daina shiga ɗakin. Ashe sabon yayin ba abin da ya ƙi jini kamar a bar shi ya ƙare ƙaf. Ina kashe shi a hankali, ina ganin gata nake yi masa.

Abin da ya ƙarasa shi ma ya fi wannan ban dariya. Bazara ce, an ɗauke wuta kwana da kwanaki, kafinta na zaune a zaure yana jira. Lokacin an fara kawo farantan nan masu shan rana, ina jin ana cewa rana ce ke cika batir. Na ce to, in dai rana ce, me zai sa in nemi faranti? Rana ai a kanmu aka sauke ta. Na sa tsani, na ɗora batir a kan kwanon ɗakin girki da tsakar rana, na sauko ina yaba wa kaina basira. Da la'asar na tarar ya kumbura kamar ƙosai, ko taɓa shi ba a iya yi. Da Kyari ya ji, dariya ta sa sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ya Fanna, saura ki yanka albasa ki barbaɗa masa yaji."

To kai ka ji. Da zarar ka ji muryar injin ta fara sauka, cire batir, kada ka matse shi sai ya mutu. Kada ka sa shi a caji yana da zafi, bar shi ya huce tukuna. Wurin ajiyarsa gindin randa ne, inda ƙasa ke da sanyi, amma kada ruwa ya taɓa shi. Kai da za ka wuni a kan kwano, kada ka kuskura ka ajiye shi a gefenka ka ce bari in sha ruwa in dawo. Kwanon bazara ƙwai ma yana soyawa. In ka kai shi wurin mai cajin waya, ka duba da idonka inda ya ajiye shi, don na san teburansu, rabi a inuwa rabi a rana.

Yanzu ga wadda ba ta da dariya. Da na koma shago sayen wani batir, mai shagon ya ce, "Hajiya, ki ɗauki biyu. Inji mai batir ɗaya jaki ne mai ƙafa uku." Kuɗin biyun yana ɗaure a bakin zanena. Amma shekarar ma ruwa bai yi ba, gero kullum hawa yake, ga ku ƙanana. Na ce a raina wannan so yake ya sayar da kayansa kawai. Na ɗauki ɗaya, sauran kuɗin na auno gero, na koma gida ina jin na yi dabara.

Ba a daɗe ba Kyari ya sami aiki mafi girma a rayuwarsa, rufin ajin lakwal a wani ƙauye wajen Tirmini. Ya zo da fara'arsa ya ɗauki injin. Ya tambaye ni ko akwai na biyu, na ce babu, amma wannan sabo ne fil, zai kai shi. Bai kai shi ba. Ƙarfe na shan wuta, kafin azahar batir ya kwanta. Sai ya ba direban motar kasuwa ya kawo min, in cika, in mayar. Haka muka yi ta yi, aikin wuni ɗaya ya koma na kwana uku. Ran nan batir yana hanya, shi kuma ya riga ya jera kwano a sama, ya kama kowanne da ƙusa ɗaya ko biyu, ya danne da duwatsu yana jira. Sai hadari ya taso daga gabas. Mutanen ƙauye suka fito suna murna, sun daɗe ba su ga girgije ba. Ko ɗigo bai sauka ba, iska ce zalla. Ta kwashe kwanon nan ta nannaɗe shi, aka yi ta tsinto shi a gonaki.

An ƙwace aikin, aka ce ya biya kwano. Ya sayar da kayan sana'arsa ya biya. Da ya kawo min injin bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Cewa ya yi, "Ya Fanna, injinki ba shi da laifi. Da dai batirinsa yana da ɗan'uwa a aljihuna, da na gama tun shekaranjiya." Daga nan ya yi arewa neman abin yi, bai sake riƙe guduma a garin nan ba. Mutumin da ya koya min yadda zan ciyar da ku ke nan. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Geron kuwa mun cinye shi tun kafin iskar ta zo.

To mu dawo kan buhunka. Da mai amalanke ya jingine shi a ɗaki, na zauna na dafa shi na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Kukan daɗi ne. Yaron da na goya ne yau yake auno min hatsi da guminsa, a shekarar da manyan magidanta ke sunkuyar da kai in an yi zancen cefane. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Na kwance bakin buhun na ɗebi na kunu, don kada ka ce na raina kyautarka. Mun sha, ya yi daɗi ƙwarai.

Sauran kuwa na kira mai amalanken ya mayar. Mai hatsi ko gardama bai yi ba, ya ƙirgo min kuɗin, don kafin in rufe baki wani ya riga ya sa hannu a kan buhun. Daga nan na wuce shago da kwalin injinka, wanda ka yar a bayan ɗaki, don kada a haɗa ni da ɗan wani gida. Na sa mai shagon ya fito da inji irin naka sak, ya sa batir ɗin a gabana, na ji ya shiga ya ce ƙas, na sa ya huda guntun ƙarfe har sau uku. Ya so ya miƙo min ƙarami, na ce babban nake so, mai daɗewa. Ciniki kuwa mun yi shi har sai da ya ce, "Hajiya, ki ɗauka don Allah ki bar min shagona." Na fito ina dariya ni kaɗai a titi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Falmata ce ta tsaya min a tsakar gida ta ce, "Inna, mu kuma me za mu ci?" Na ce abin da muka ci kina bayana. Ganyen tafasa bai ƙare a duniya ba, zogalen gidan nan bai bushe ba, daddawata tana fita, ita ma tana ɗinkin hularta. Ba zan yi maka ƙarya in ce za mu ƙoshi ba. Tuwo zai koma sau ɗaya, wata rana ma kwaɗo ne kawai. Amma wannan yunwar na san ta, na san inda take tsayawa. Wadda ban san ƙarshenta ba ita ce ta mutumin da sunansa ya ɓaci a aikinsa na farko. Da na faɗa mata labarin Kyari, da hannunta ta ɗauko zanen da muka naɗe batir ɗin.

Saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen fushi da ni, kuma kada ka kuskura ka aiko min da wani buhun. Batir ɗaya a jikin inji, ɗaya a wurin caji, kullum haka. Tun ranar da ka sauka a ƙauye, bayan ka gai da mai gari, abin da za ka fara tambaya shi ne wa ke da injin wuta ko farantin rana, ka yi abota da shi ko da goro ne. Kowane kwano ka ɗora, ka ɗaure shi duka kafin ka ɗauko na gaba. Kada ka danne kome da dutse ka ce sai gobe, ko da sama ta yi fes kamar an share. In wani ya ce ka ara masa injin ya huda abu kaɗan, ka je ka huda masa da hannunka. Kuma ka riƙa cin abinci, don na san halinka in aiki ya yi daɗi.

Ni dai har na fara ganin abin a idona. Motoci sun iso, an sauke buhuna a inuwar rufinka, mata sun yi layi da ƙorai, iska ta zo ta yi iya yinta ta wuce, kwano ko motsi bai yi ba. Wani baƙo ya ɗaga kai ya ce wa ya yi wannan rufin? A ce masa wani yaro ne daga Damagaram, ɗan Fanna. Wallahi ranar ko a bayan motar kasuwa sai na zo na gani, in tsaya a ƙarƙashinsa in yi guɗar da ta fi ta farko. Ka gaya wa mutanen Dogo su shirya kunnuwansu.

Allah ya tsare ka hawa da sauka. Allah ya riƙe iska har ka murɗa ƙusar ƙarshe, sannan ya sako mana ruwa mai albarka, ya fitar da mu daga wannan shekara da mutuncinmu. Allah ya jiƙan babanku, ya sada Kyari da alheri a duk inda yake. Falmata tana gaishe ka, maƙwabta ma haka.

Direban da ya ba ka wannan takarda zai miƙa maka ƙunshi a cikin shuɗin zanena. Ka karɓa da hannu biyu, Bukar. Tuwonmu na wata guda ne a ciki, ni da ƙanwarka. Kada ka bar shi a rana.

Mahaifiyarka,
Fanna